Ƙuma Mai Hula da Wandon Tafinta

A Matameye an ce idan na ce na ga kura, a leƙa ƙarƙashin rumbu, kyanwa ce. To, na ji. Wannan labari ma ku rage rabinsa in kun so, rabin da ya saura ya ishe ku.

Sunana Ɗanjuma, sana'ata tubali. Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba aka ɗebe mu bayan kaka, mu kai wa wani likita kaya zango biyu mu dawo. Kowa ya dawo sai ni, kuma bakina ne ya ja mini. A zango na biyu na ga mutanensa suna kankarar ƙasa a gefen wani busasshen tafki, sai na ce, "Kai, wannan ai makwancin jakuna ne. Mai son lakar tafki can zai je, inda ruwan ƙarshe ya mutu, inda ƙasa ta tsage ta naɗe baki." Likita ya tambayi abin da na ce, aka faɗa masa, ya dube ni kamar ya tsinci dami a kala. Shi ke nan, aka sallami ƴan'uwana aka riƙe ni.

Sai a Gure na gane irin haukan da na faɗa ciki. Na ɗauka likita mai ba da magani ne. Wannan ko kare bai taɓa yi wa magani ba. Dogo ne siriri kamar karan dawa, hancinsa kullum a saɓe saboda rana, kuma abin da ya baro uwa da uba a Faransa ya zo nema shi ne ƙumar ruwa. Kun san ƴan abubuwan nan masu tsalle-tsalle in an ɗebo ruwan tafki a ƙwarya, waɗanda muke tacewa da bakin riga mu sha ruwanmu? To su. Yana da wata ƴar koma ta siliki da ake ja cikin ruwa, a juye abin da ta kama a kwalba. Inda tafki ya ƙafe kuwa, busasshiyar laka ake kankarowa a ɗaure a ƴar jaka, domin ƙwansu na kwance a ciki yana jiran ruwa. In ya jiƙa lakar a kwalba, bayan mako guda sai ka ga gari ya cika.

Yana da wani madubi mai dogon wuya da ake leƙawa da ido ɗaya. Ranar da ya ce in leƙa, salati na yi na ja da baya har na taka wuta. Ƙumar da na raina sai ga ta ta kai tunkiya. Ido ɗaya baƙi a goshi, hannuwa biyu a sama kamar mai rantsuwa gaban alƙali, ciki garau kana ganin abin da ta ci jiya, zuciya na bugawa fat-fat-fat, ga ƙwai ta goya a baya kamar mai zuwa kasuwar Kance. Ashe su ma ƙabila-ƙabila ne. Akwai mai haure irin na giwa, akwai kewayayya kamar ƙwallon goruba da ke rarrafe a gindin ciyawa, akwai wadda hannunta duk gashi. Likita na da ƙaton littafi da aka zana duk waɗanda malaman ƙasarsu suka sani. In ya kama wata sai ya ƙirga gashin hannunta da ƙayoyin jelarta, ya gwada da zane. In ta yi daidai ya yi tsaki. In babu ita a littafi, ranar ko farantinsa ka fasa murmushi zai yi maka. Ya ce waɗanda ba a rubuta ba sun fi waɗanda aka rubuta yawa nesa ba kusa ba, kuma kowane tafki na iya ɓoye tasa. Na ce a raina, ashe babu ranar komawa gida.

Amma ya yi mini alkawari ta bakin tafintansa, ranar da na kawo masa wadda babu a littafi zai ba ni takardar sallama. In ba takardar nan ka kama hanya, sojan farko da ya gan ka zai ɗaure ka da sunan gujajje. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina, in isa gida kafin ruwan shuka. Gonata na kan hanyar Dawce, ƴaƴana duk ƙanana, babu mai ɗaga sungumi a gidan sai ni. Wanda shukar fari ta wuce shi a ƙasarmu, ya san abin da zai ci bana, hamma.

Tafintan shi ne Isufu, ɗan birni, wanda ya fara da wanke wa Nasara kwano har ya iya yarensu. Yana da farin wando irin nasu guda ɗaya da takalmi mai igiya, kuma yana kula da wandon nan fiye da yadda na kula da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. In mun isa tafki, ni ne cikin ruwa har wuya, shi yana tudu a inuwa da alƙalami. Kowace kwalba da kowace jaka sai an liƙa mata ƴar takarda, sunan wuri da sunan wanda ya ɗebo. Ni ajami kaɗai na iya, shi ma sai da jiɓin goshi. Sai in miƙa masa in ce, "Ranka ya daɗe, tafkin kaza." Ya ce, "Ajiye can, mai tubali, kada ka ɗiga mini."

A Maine muka daɗe. Can Likita ya sami guda biyu da babu a littafi, ya fito daga tanti yana rawa kamar zalɓe ya taka garwashi. Ya girgiza hannun Isufu, ya ba shi wuƙa mai naɗewa. Na tsaya ina jiran takardata. Shiru. Na tambayi Isufu, ya ce, "Ba daga naka suka fito ba. Naka duk tsofaffin ƙuma ne, har yaran Faransa sun san su." Na ce to ya roƙa mini Likita ya tausaya ya sake ni. Ya shiga, ya fito, ya ce an ƙi.

Akwai wani tsohon soja Bambara da ke dafa wa Likita abinci, Baba Samba. Ya taɓa auren Bahaushiya, ya tsinci Hausa guntu-guntu. Likita kuwa Mushe yake ce masa, wato maigida da Faransanci. Washegari da hantsi yana figar zabo ya kira ni.

"Danzuma, kai jaki ne?"

"Wani lokaci, Baba."

"Kullum ina jin Mushe yana karanta takardan kwalba. Isufu, Isufu, Isufu. Danzuma babu ko ɗaya. Jiya ka ce ya roƙa maka gida? Ya ce wa Mushe kana kuka a tafi da kai ka ga babban tafki."

"Shi me zai samu?"

"Mushe zai rubuta wa kumandan. Kujerar babban tafinta a Damagaram."

"To ka faɗa wa Likita mana, Baba!"

Ya ɗaga zabon ya nuna ni da shi. "Bakin mai tukunya, takardan mai wando, wa za a yarda? Kawo abin da ido zai gani, ni in ara maka baki."

Fushin da na yi ranar, da na tofa yawu a ciyawa da ta kama da wuta. Amma na haɗiye. Da la'asar ma har takalminsa na goge masa, ina yi ina karanta wa takalmin abin da zan yi wa mai shi.

Daga Maine zuwa Ngigmi rairayi ne da ƙaya da ruwan kanwa mai sa ciki kiɗan kalangu. Daga can muka zagaya tafkin Cadi har wani gari da ake kira Bol. Ruwa ne iyakar ganinka, da tsibirai, da shanu masu ƙaho kamar tulu suna iyo. Sauron can in ya sauka a kanka sai ka ji nauyi. Na taɓa kashe ɗaya, Baba Samba ya tambaye ni ko a fige. Kifi da safe, kifi da rana, har na fara jin ƙaya na fito mini a baya. Babu mai jin Hausa. In na yi barkwanci sai a dube ni kamar na yi atishawa, kuma ga mutum irina wannan ya fi yunwa ciwo. Bazara ta kama, iska ta fara juyawa, ina zaune ina tuna gonata ko sassabe ba a yi mata ba.

Nan zazzaɓi ya kayar da ni. Isufu ya ce a fitar da ni daga wajen kaya kada in shafa wa mutane. Wata tsohuwa mai bandar kifi, Ya Falmata, ita ta ja ni zuwa rumfarta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, sai "lale, lale" da take ta faɗa tana shafa mini goshi. Ta tafasa ruwa ta zuba mini a ƴar tukunya. Sai na tuna da wani ƙulli a gindin jakata. Da zan taho, mai ɗakina Rabi ta ɗaure mini curin laka a tsumma, daga kududdufin bayan gidanmu inda nake buga tubali. Haka muke yi, matafiyi ya riƙa marmasa ƙasar gida a ruwan baƙon wuri don kada cikinsa ya yi baƙunta. Na gutsura na marmasa, na sha rabi, ciwo ya yi gaba da ni. Tsohuwa ta rufe tukunyar da faifai ta ture gefe, ta manta.

Da na miƙe, bayan kwana takwas ko tara, na ɗauko tukunyar zan wanke mata. Ina buɗewa na ga ana tsalle a ciki.

Dama can Likita ya ba ni wani ɗan gilashin hannu don aikin tafki. Na ɗora. A lokacin na san zanen littafin nan kamar yadda na san fuskokin ƴaƴana, kuma wannan ba ta ciki. Kanta da doguwar hula mai tsini, an karkato ta gaba irin ta saurayi mai ji da kansa, ga jela siririya kamar allura. Ruwan dafaffe ne, babu abin da zai rayu a cikinsa. Daga lakar gidana ta fito. Wata biyar ina shan ƙaya da sauro ina neman ta, ashe tana bayan ɗakina inda akuyata ke shan ruwa.

A ranar Baba Samba ya gaya mini akwai ayarin fatake da zai tashi zuwa Damagaram nan da kwana goma sha huɗu. In ya wuce, sai abin da Allah ya yi, domin hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Da ni mutumin kirki ne da na ɗauki tukunyar nan na kai wa Likita kai tsaye. Amma ban taɓa cewa ni mutumin kirki ba ne.

Na juye su a kwalba, na je na durƙusa gaban Isufu.

"Ranka ya daɗe, ga wasu tsofaffin ƙuma."

Ya karɓa da yatsa biyu. "Daga ina?"

"Fadamar nan ta gabas, can tsakiyar kyauro."

Ya rubuta, ya shiga tanti. Ban gama ƙirga yatsun ƙafata ba na ji ihu. Likita ya fito ya rungume Isufu, ya sumbace shi a kunci dama da hagu, abin kunya a gaban jama'a. Sai dai ƙumar ba su fi a ƙirga ba, kuma duk mata ne. Yana son da yawa, yana son namijin, yana kuma son ya ga wurin da idonsa. Ya ce gobe Isufu ya kai shi, ya nuna masa da hannunsa yadda ya kamo.

Isufu ya aiko a kira ni in riƙe koma. Ai kuwa zazzaɓi ya dawo. Na yi ta karkarwa, haƙorana na kaɗawa har kifin da ke kan banda ya fara zubowa. Ya Falmata ta taɓa goshina ta ji sanyi ƙalau. Ta dube ni, ta dubi ɗan aiken, sai ta ƙara mini bargo ta kore shi da muciya. Allah ya saka wa tsohuwar nan da aljanna.

Akwai wani tudun rairayi da ke kallon fadamar. Can nake zuwa shan iska irin ta marar lafiya. Ranar farko Isufu ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya sa ƙafa kamar mai taka ƙwai. Laka ta karɓi takalmi ɗaya, ba ta ko yi godiya ba. Rana ta biyu ya shiga har ƙugu, wando ya koma launin daddawa. Matsattsaku suka yi masa layi a cinya kamar ƴan biki. Duk kwalbar da ya miƙo, Likita ya leƙa ya yi tsaki, ya nuna masa gaba da yatsa. Ni kuwa ina tudu a inuwa, ina cin bandar kifi. Ranar na fara jin daɗin kifi.

A rana ta huɗu da yamma Isufu ya zo rumfar tsohuwa yana ɗingishi, fuska duk kumburin sauro.

"Ɗanjuma, ɗan'uwana."

"Wa? Ai mai tubali ne, ranka ya daɗe. Matsa can kada ka ɗiga mini."

"Don girman Allah, daidai ina ne?"

"Ka wuce inda dorina ke kwanciya?"

"Dorina?"

"Ai sai ka wuce ta. Ka yi mata sallama da Faransanci, tana girmama masu ilimi."

A rana ta shida Baba Samba ya hau tudun ya same ni. "Danzuma, ya isa. Mushe ba zai yarda ba sai ya jiƙa laka da hannunsa. Laka tana son mako kafin ta haihu. Ayari ba ya jira." Na ce gobe, Baba, wallahi gobe. Gobe ta yi, sai ga Isufu ya fito daga kyauro a guje da matsattsaku a inda ba a faɗa, yana tsalle yana kiran uwarsa da yare biyu. Ku gaya mini, wa zai tashi daga irin wannan kallo? Na ƙara kwana. Na sake ƙarawa. Kwana uku cur na ƙara, ina sane.

Sannan na ɗauki sauran curin, muka shiga tanti da Baba Samba da safe, na ajiye a kan tebur. Tsoho ya ara mini baki kamar yadda ya yi alkawari, ya faɗi komai tun daga Gure. Likita ya yi ja har kunne, ya sa aka kira Isufu. Yana jin zancen ya ɗaga murya da Faransanci, Baba Samba na juya mini.

"Ƙarya yake, Mushe! Duk ƙasar Kance an san shi da ƙarya!"

Na ce, "Wannan kam gaskiya ya faɗa, Baba, fassara masa."

Likita bai yi gardama da kowa ba. Ya ɗauko jakunkunan laka uku na baya, ya rufe takardunsu da tafin hannu, ya ce Isufu ya faɗi inda kowace ta fito. Isufu ya dubi laka, laka ta dube shi. Aka miƙo mini. Na sansana, na ɗanɗana. Na ce wannan Gure ce, ga yashi a haƙori. Wannan Maine, kanwa har tana cizon harshe. Wannan kuwa tafkin da shanu suka yi wa fitsari ne a hanyar Ngigmi, kada a sake ba ni. Duk uku daidai. Amma ya ce takarda sai mai hula ta fito. Ya tafasa ruwa da kansa, ya cika kwalba biyu, ɗaya lakata, ɗaya lakar fadamar Isufu, ya rufe ya ajiye kusa da gadonsa.

Kwana biyar da jiƙawa fatake suka ɗaura wa shanunsu kaya. Na shiga na roƙi Likita, ya ɗaga kwalbar ya duba a hasken rana, ya girgiza kai. Na fito na tsaya a bakin hanya ina kallon ayari har saniyar ƙarshe ta shige bayan tudu. Ranar ban yi wa kowa barkwanci ba.

Bayan kwana biyu masu hula suka fito, cike da kwalbata, har da mazansu. Ta Isufu kuwa tsofaffin ƙuma ne.

Likita ya rubuta takardar sallama ya buga hatimi, ya haɗa ni da jakunkuna in cika masa da lakar bayan gidana in kai bariki. Sannan ya ce wai al'adar malaman ƙasarsu ce, sabuwar halitta a raɗa mata sunan wanda ya gano ta, don haka zai sa mata nawa. Na ce a'uzu billahi. Ubana ya yanka rago ya tara jama'a ya raɗa mini suna, in ɗauka in ba ƙuma? Na ce, "Baba, gaya masa a sa na Isufu, ya sha wuya a kanta." Idon Likita ya kawo ruwa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce bai taɓa ganin mai yafiya irina ba. A gabana ya rubuta. Ni kuma duk zangon da na sauka a hanyar dawowa sai na tara mutane na sanar da su an yi suna a Bol, an raɗa wa ƙuma Isufu, ko rago babu. Kafin ya dawo Damagaram sunan ya riga shi isa, har masu tallan goro Isufu Ƙuma suke ce masa. Kujerar babban tafinta kuwa ko ƙafarta bai taɓa ba.

Sai da na yi sati uku da ɗoriya a Bol kafin wasu masu kanwa su tashi, da shanu ramammu masu tafiya kamar ana roƙonsu. Ruwa ya tare mu tun kafin Gure. Daga nan duk tsiron da na gani a gefen hanya sai in ji kamar mari. Na shigo Matameye geron maƙwabta ya kai gwiwa, har an gama noman fari. Rabi ta roƙi ƴan'uwanta daga Icirnawa sun shuka mata gefen da ke kusa da hanya, sauran gonar ciyawa ta gaje. Na shuka a makare, ya yi kara, bai yi ido ba.

Kuma bakina bai daddara ba. Ranar da na iso na zauna a tsakar gida na ba ta labarin duka, har da tsallen matsattsaku na kwaikwaya mata. Tana ta dariya tana riƙe ciki, sai ta tsaya cak.

"Maigida, kwana nawa ka ce ka ƙara a kan tudun nan?"

"Uku kacal."

"Ayarin kuma da kwana nawa ya riga ka?"

Na ce mata ana kiran salla.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Rumbu ya ƙare tun sanyi bai wuce ba, na koma buga wa mutane tubali ana biyana da tiyar hatsi, wata rana a samu, wata rana a'a. Wata ranar da ba a samu ba, ta dama wa yara ɗan kunun da ya rage, sannan ta kawo mini akushi a rufe, da ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ajiye da ladabi. Na buɗe. Wayam, ko ƙuda ba zai tsaya ba.

"Ci mana, Maigida. Kwanakin da ka ƙara ne na dafa maka."

Na wanke hannu, na yi bisimilla, na kai lomar iska sau uku ina tauna. Na ce, "Ya yi daɗi, Rabi, sai dai ba ya riƙe ciki."

Ta ɗauke akushin ta rufe. "Ci a hankali. Na farko ke nan, saura biyu."